Likita, In Mayar Da Ita Kan Alkama?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya saka da alheri.

A kan 'yata ta biyu nake rubuto maka, shekarunta 14. Tana 'yar shekara 9 aka gano tana da ciwon sukari, irin wanda ba a rabuwa da allurar insulin. Tun daga ranar gidanmu ya koma gidan alkama, don duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya ce: a bar shinkafa da tuwon masara, a ba ta alkama. Burodi da safe, tuwon alkama da dare, ranar Juma'a in soya mata funkaso don kada ta ga an ware ta.

Shekara biyu ke nan cikinta bai zauna lafiya ba. Da ta ci abinci sai ya kumbura kamar ganga, ga zawo, ga kasala. Ƙanwarta ta kere ta tsawo. Ɗinkin sallar bara har yau zanin sai ta naɗa shi sau biyu. An ce jininta ya yi ƙasa, ta sha maganin ƙarin jini, bai hau ba.

Wata likitar yara ce ta ce tana zargin cutar siliyak. Ta ce akwai wani sinadari, gulutin, a cikin alkama da sha'ir, shi ke sa jikin wasu ya far wa hanjinsa, abinci ya wuce bai amfane su ba, kuma an fi ganin haka ga masu irin sukarin 'yata. Ranar na yi kuka, Likita. Da hannuna nake tuƙa mata shi.

Ban tsaya jira ba na cire alkama, har taliya da cincin. Na koma acca da gero da wake. Mako 5 yanzu, cikin ya saɓe, tana cinye kwanonta. Da muka koma sai likitar ta ce na yi gaggawa, wai gwajin jini da na hanji ba sa nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkamar. To in mayar da ita kan abin da na ga yana wahalar da ita? Na tsawon wane lokaci?

Ga Hajiya kakarta, ta ce ita ba ta taɓa jin inda alkama ta cuci mai sukari ba, har gurasa take ajiye mata a ɗaki. Ban san yadda zan fahimtar da ita ba tare da ranta ya ɓaci ba.

Sannan injin unguwarmu ɗaya ne, shi ke niƙa alkamar kowa. Ɗan garin da ke maƙalewa a ciki zai iya cutar da ita? Kuma tunda abincinta ya sauya, ko awon allurar ma sai an sake duba shi?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka kullum, daga Gusau.