A Zauna A Yi Wa Masu Karɓar Maganin Rigakafin Tarin Fuka Bayani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda ake miƙa wa mutane maganin rigakafin tarin fuka a nan arewacin Kamaru, sau da yawa ba tare da an zauna an fahimtar da su ba.

Idan aka gano magidanci yana da tarin fuka na huhu, ƙa'ida ita ce a duba mutanen gidansa, sannan a ba waɗanda ba su da alamar ciwon maganin rigakafi, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5. Haka ake yi wa masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Amma tambayar da kowace uwa take yi ita ce: "Yarona lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa, kuma an yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka tun yana jariri, don me zai sha magani?" Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma idan ba a amsa ta ba, maganin zai ƙare ne a ƙarƙashin katifa. Ya kamata a gaya mata cewa ƙwayar cutar tana iya kwanciya a jiki kamar garwashi cikin toka, cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ɗauke da ita ciwon yana tasar musu daga baya, kuma a jikin ƙaramin yaro hatsarin ya fi haka, har cutar takan haura zuwa ƙwaƙwalwa. Allurar BCG tana rage tsananin ciwon ga yara, amma ba ta toshe ƙofar gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne batun fitsari. Maganin rigakafin da ke da sinadarin rifampicin ko rifapentine yana mayar da fitsari, gumi da hawaye ja-ja, kuma wannan ba illa ba ne. To amma a garuruwanmu na bakin kogin Binuwai, inda aka san tsargiya sarai, uwar da ta ga jan fitsari a fo ɗin ɗanta da sassafe, jini za ta ɗauka, kuma kafin azahar kakar yaron ta yanke hukuncin a daina. Jimla guda daga bakin ma'aikacin lafiya a ranar farko da ta hana wannan. Alamomin da suka cancanci tsoro dabam ne: idanu su yi rawaya irin na ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje su feso a jiki. A nan sai a dakatar da maganin a koma asibiti, ba a nemi jiƙo ko sassaƙe ba, domin mai yiwuwa hanta ce ta taɓu. Mai shan isoniazid kuma, wato wani daga cikin magungunan rigakafin, a sanar da shi cewa idan ya ji tafin ƙafarsa yana zafi ko yana mutuwa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa.

Tsawon lokacin ma a faɗe shi tun farko, ko wata 6 ne ana sha kullum, ko wata 3, tare da bayanin cewa ba a ninka magani don an manta na jiya, kuma a riƙa kawo yaro awo tunda da nauyinsa ake auna abin da zai sha. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa tana da haƙƙin ta ji, a keɓe kuma daga bakin mace, cewa rifampicin yana rage ƙarfin ƙwayar.

Sai kuma batun wanda ake yi wa bayanin da harshen da ake yi. Ma'aikaci yakan zuba Faransanci, wani lokaci ya ɗan haɗa da Fillanci, matar ta ce "to" saboda kunya, ta fita ba ta kama komai ba. A gida kuwa ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Ina ganin ya dace a gayyato maigida ko kakar yaron, a yi magana da harshen da suke ji, sannan a nemi su maimaita abin da aka faɗa da bakinsu. A kuma tabbatar musu cewa mai shan rigakafi ba majinyaci ba ne, ba ya sa wa kowa cuta, don haka babu dalilin ware masa kwano ko hana shi zuwa makarantar allo.

Na san ma'aikatan sun yi kaɗan kuma layi yana da tsawo, shi ya sa nake kira ga shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa da ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwanni, waɗanda suka san gidajen, su riƙa biyo sawu bayan mako na farko, lokacin da tambayoyi suke tasowa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Garwa, Kamaru.