Ba duk lotsewar mota ce ke buƙatar garaji ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu manyan motoci da direbobi, musamman mu da muke lodi a tashar jirgin ƙasa ta Gaundare mu biyo ta Garwa da Marwa har Kusiri mu tsallaka gadar Ngeli mu shiga Njamena. Maganar ɗan lotsewar bodi ce da kujewar fenti, abu ne ƙarami a ido amma yana cin kuɗin mutane kuma kullum shi ke haɗa direba da maigidansa faɗa.

Motar da ke bin wannan hanyar ba yadda za'ai ta dawo sumul. Tsakuwa na tashi ta bugi gabanta, ɗan mashin ya goge ta a kasuwa, 'yan dako su buga ta wajen sauke kaya, ga ƙaya a gefen hanya in ka kauce wa ramukan tsakanin Mora da Dabanga. To masu mota kala biyu na ke gani, akwai wanda da ya ga ɗan tabo sai ya tsaida mota sati guda a garaji a sake mata fenti gaba ɗaya, lodi na wucewa, akwai kuma wanda zai ce ai mota ta nema ce ba ta ado ba, ya bar ta har tsatsa ta huda ƙofa. Ni dai a ganina duk sun kauce.

Abinda ya kamata mutum ya fara dubawa shine, ƙarfe ya fito ko bai fito ba. Fentin da kamfani ya yi hawa hawa ne, akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai kala, wasu motocin harda na sheƙi a sama. Ka wanke wajen ka ja farcenka a kai, in farce bai maƙale ba to sama sama ne, polish ma ya isa ko ka ƙyale shi kawai. In ya lotsa amma fentin bai tsage ba shima ba gaggawa, mai hannu zai iya turo shi ta ciki a hankali ba tare da an taɓa fenti ba. Bamba ta roba kuwa ko ta kuje ba ta tsatsa, sai dai muni. Amma in ka ga hasken ƙarfe ko ja ja ya fara fitowa, wannan kam kar ya daɗe, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a shafa fentin hana tsatsa ya bushe sannan a ɗora kala. Aikin da yaron mota ma zai iya yi da ƙaramin buroshi ana jiran lodi, ba zai yi kyau kamar na kamfani ba amma ya rufe.

Inda tabon yake ma abin dubawa ne. Na tsakiyar ƙofa ruwa na zubewa ya wuce, amma na ƙasan ƙofa, gefen gilashin gaba, matakala da saman taya inda laka ke kwana, nan tsatsa ta fi saurin ci. Mu nan arewa rani na rufa mana asiri don iska a bushe take, shi yasa wasu ke raina abin, sai damina ta sauka ko a tura motar Duwala inda danshi da iskar teku suke, sai ka ga waje ya kumbura ƙarƙashin fenti. Wanda ke ɗaukar taki ko gishiri ko kanwa ko shanu shi nashi ya ninka, don waɗannan kayan da fitsarin dabba cin ƙarfe suke yi.

Yanzu ga masu bugun bodi, ina girmama su wallahi akwai gwanaye a cikinsu, amma akwai masu gaggawa. Maimakon ya zauna ya bugo ƙarfen ya dawo daidai sai ya cika ramin da mastik, wato ƙullun da ake shafawa kafin fenti, kamar mai yaɓen ɗaki, alhali mastik siriri ake so, na gyara fuska ne kawai. Mai kauri da girgizar hanya da zafin watan Afrilu sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, kai kana ganin fenti lafiya ciki kuwa ya ruɓe. Wani kuma komai ƙanƙantar lotsewa sai ya kunna wutar gas, ta ƙone abin kariyar da ke bayan ƙarfen kuma ba wanda zai koma ya shafa komai a cikin. Mai sayen tsohuwar mota ya riƙe maganaɗisu a aljihu, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe akwai mastik jibge. Sannan feshin fenti a fili lokacin hunturu ƙura na tashi asarar kuɗi ce, kuma kala ɗin ma ba lallai ta zo ɗaya ba ko an bi lambar fentin, tunda rana ta riga ta koɗar da tsohon, ja ya fi kowanne saurin koɗewa.

Sai dai fa in bugun da motar ta sha ya sa ƙofa ba ta rufuwa daidai, ko fitila ta karkace, ko an ga tsaga a shasi, wannan ya fita daga ƙaramin abu, makanike za'a kira ba mai fenti ba, kuma kar a yarda a shafe tsaga da baƙin fenti.

Kira na ga iyayen gidanmu masu motoci, ku daina yanke wa direba albashi akan kowane ɗan karce. Abinda hakan ke jawowa shine direba ya tsaya a hanya ya sa a lafta mastik da fenti a ɓoye kafin ya iso gida, ku ba ku san da wajen ba sai ya huje. Wanda ya yi ganganci a hukunta shi ba laifi, amma tsakuwar hanya ba shi ya jefo ta ba. Gara a ce masa ya ɗauki hoto a waya ya turo, a rufe inda ƙarfe ya fito, sauran a tara su har lokacin da za'a tsaida motar don gyaran inji ko birki, sai ayi gaba ɗaya kafin ruwan farko.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku, wani direban babbar mota daga Garwa, Kamaru.