Ni ake dubawa, amma da Yaya ake magana

Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Na rubuto ne maimakon in bugo waya a shirinki, domin rubutu ya fi mini sauƙi.

Shekarata 27, tela ce ni, wata takwas ke nan da aurena. Ina da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Idan na faɗa ba a yarda, wai ai ina magana, har sakandare na gama. Ba su san yadda hayaniya ke hautsina mini kai ba, ko yadda jikina ke sandarewa magana ta ɗauke idan aka taɓa ni ba zato. Ina kuma da farfaɗiya, tun ina shekara 12 nake shan Epilim.

Dangin miji sun fara tambaya, ni ma kuwa ina son haihuwa. Sai na karanta a takardar cikin kwalin maganin cewa yana iya illata ɗan da ke ciki, har ya shafi lakarsa da ƙwaƙwalwarsa, kuma ba a yanke shansa sai da izinin likita. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Yayata ta raka ni asibiti. Awa uku muna layi, yara na kuka, ana ƙwala kiran suna. Kafin a zo kanmu na gama jigata. Nas ɗin ta ɗage mini hijabi ta danna marata ba ko sannu, na ture hannunta, ta ce taurin kai gare ni. Daga nan duk bayani Yaya aka yi wa, kamar ba na ɗakin. Tambayar da ta kai ni ma ban yi ta ba.

Likita, ana iya canza mini magani kafin in ɗauki ciki? Kafin a canza, ashanar hana ɗaukar ciki zan sa ko allurar wata uku, kuma ta yaya zan yi wa maigida bayani kada ya zaci haihuwa nake gudu? Mutum ne mai haƙuri, amma ko a shimfiɗa idan na janye jiki yakan ɗauka ƙinsa nake yi. Sannan laifi ne in rubuta tambayoyina a takarda in miƙa wa likita, in roƙi a riƙa faɗa mini kafin a taɓa ni?

Don Allah kada a ambaci garinmu, surukata ma tana sauraron shirin.

Taki,
Wata baiwar Allah