Sanarwa: Zaman Tattaunawa Ranar 15 ga Satumba

Assalamu alaikum ƴan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

Ranar 15 ga Satumba ita ce Ranar Dimokuraɗiyya ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007. A ranar, da ƙarfe 8 na dare, za mu zauna ta kiran murya a nan cikin rukuni.

Duk mun ga yadda muhawarar siyasa ta koma zage-zage kwanan nan, har wasu dattawanmu suka fice shiru. Wallahi abin ya dame ni, domin mutanen da suka daina sauraron juna ba za su iya haɗa kai su tuhumi wanda suka zaɓa ba.

Don Allah kowa ya zo da matsala ɗaya ta aikin gwamnati da ke damun jama'a, ya kuma binciko hukumar ko wakilin da alhakin ke wuyansa. Minti uku kowa zai samu. A soki manufa, ban da cin mutunci. Kafin ranar, a duba rajistar zaɓe, kuma a daina turo labarin da ba a tabbatar ba.

Allah ya kai mu lafiya, ya bar zumunci.

Naku,
Shugaban rukuni