A Sa Ido Kan Tudun Yashin Bakin Teku Tun Kafin Ruwa Ya Ci Gari

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin hukumomi kan tudun yashin da ke tsakanin teku da biranen gaɓar Afirka ta Yamma. A Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, wannan tudu ne ganuwar gari, domin akwai unguwannin da ruwan teku ya fi su tudu. Ɗibar yashin gini ta raunana shi, tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1986 kuma ta tare yashin da igiya ke turowa daga arewa, sai gaɓar kudu ta kama zaizayewa. A Saint-Louis ta Senegal, a watan Oktoban 2003 aka yanka hanya mai faɗin mita 4 a zirin yashin Langue de Barbarie don ambaliyar kogin Senegal ta fita zuwa teku. Yau da kilomita ake auna faɗinta, kuma ta tashi ƙauyen Doun Baba Dieye.

Bibiyar irin wannan ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972, kuma kyauta ake ba da su tun 2008. Sentinel-2, wani tsarin taurarin ɗan'adam, na wucewa kan wuri ɗaya duk kwana 5, kowane ɗigon hotonsa na ɗaukar mita 10 a ƙasa, na Landsat 8 kuwa mita 30. Ana sauke hotunan shekaru daban-daban a manhajar taswira ta QGIS, a daidaita su kan abin da ba ya motsi kamar mahaɗar titi, a zana gindin tudun a kowanne, sannan a ja layukan awo duk mita 50 a ga nawa ya gusa.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne cikar teku da janyewarta. Idan gaɓa shimfiɗaɗɗiya ce, tana sauka mita 1 cikin mita 50, to bambancin mita 1 a cikar ruwa zai gusar da bakin ruwan mita 50 a hoto. Wanda bai duba lokacin ɗaukar hoton ba sai ya ce teku ta ci ƙasa, alhali yashi na nan inda yake. Shi ya sa muka fi yarda da layin ciyawa da gindin tudu. Haka nan kada a gwama hoton damina da na rani, a kuma guji na lokacin hazo. Tudun da ke tafiyar mita 3 a shekara ba zai nuna kansa a ɗigon mita 10 ba sai an haɗa shekaru da dama.

Hoton kuma ba ya faɗin tsayi, alhali raguwar tsayi ce ke buɗe wa ruwa ƙofa. Dole a sauka da na'urar GPS ko ƙaramin jirgi maras matuƙi a auna wuraren da suka lotsa, musamman bayan guguwa.

Roƙonmu ga cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da ke Jos da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai, su riƙa fitar da taswirar tafiyar yashi duk shekara, da harshen da manomi zai gane. Wannan awon shi ne zai yi aiki a kan yashin da ke binne dausayi a Yusufari ta jihar Yobe da Gure ta Nijar, can ma ba a fama da cikar teku.

Wassalam,
Wasu masu aikin taswira