Kada a hana matasa kallon Robin Hood, a faɗa musu dokar daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Na karanta wasiƙar ɗan'uwan nan da ya nemi hukuma ta hana gidajen kallo nuna fim ɗin Robin Hood, ɗan fashin tsofaffin waƙoƙin Ingila da ake cewa yana ƙwace wa masu hali ya ba talakawa, wai yana ƙawata wa matasa fashi. Na gane inda ke masa ciwo. Duk mai dangi a wajen Ƙonni, Madawa ko kudancin Maraɗi ya san aikin 'yan bindiga: su kore shanun mutum, su ɗauke matarsa, su sa shi sayar da gona don kuɗin fansa. Amma ban yarda da maganin da ya kawo ba. Na koyar da tarihi a kolejojin jihar Tawa har na ajiye alli, kuma a ganina a ƙarƙashin wannan labari akwai wata magana da ta shafi manomin Adar kai tsaye, wadda fim ɗin ya binne da ƙarar takubba.

Fim ɗin da ake nufi shi ne na 2010, wanda Ridley Scott ya ba da umarni, yana kuma yawo a wayoyin yara har yau. A matsayin tarihi, a riƙe shi da hannu biyu. Gaskiya ne Sarki Richard na Ingila ya mutu a 1199 bayan kibiya ta same shi a wani kewaye da ya yi wa ganuwar Shalu a Faransa. Amma yarjejeniyar da manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John, wato Magna Carta, sai a 1215 aka yi ta, sojojin Faransa kuma a 1216 suka sauka Ingila, bisa gayyatar waɗancan manyan. Fim ɗin ya cusa duk wannan cikin 'yan watanni. Shi kansa Robin babu wanda ya tabbatar da ko wane ne. An fara ambaton waƙoƙinsa a rubuce wajen 1377, kuma a wata doguwar tsohuwar waƙarsa sunan sarkin Edward ne. Wani marubucin tarihi ne a 1521 ya mayar da shi zamanin Richard.

Abin da babu shakka a kansa shi ne dokar daji. Bayan William na Normandi ya ci Ingila a 1066, sarakuna suka riƙa keɓe ƙasa su ce dajin farautar sarki ne. A ƙarni na 12 abin ya kai tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙasar, dajin Sherwood kusa da Nottingham, inda labari ya ce Robin ya ɓuya, na ciki. Kada mai karatu ya ɗauka jeji ne da ba kowa. Akwai ƙauyuka da gonaki a ciki, mutane na zaune tun kakanninsu. Dare ɗaya aka ce ba su da ikon sare itace, ba su da ikon sheme sabuwar gona, ba su da ikon yawo da baka. Barewa ta shiga ta cinye shukarka, in ka harbe ta, a zamanin William sai a makantar da kai. Karen gidanka ma sai an datse masa yatsu uku a ƙafar gaba don kada ya iya bin nama. Wanda aka kira kotu sau da sau bai zo ba, sai a cire shi daga kariyar doka, a ƙwace dukiyarsa, duk wanda ya kashe shi ba a tambayarsa. Irin waɗannan mutane ne suka shiga daji, kuma a kansu aka yi waƙoƙin.

Malam Edita, lokacin da nake koyar da wannan darasi ban taɓa shan wahalar bayani ba, domin iyayen ɗalibaina sun rayu a ƙarƙashin irinta. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar gandun daji a 1935 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, bayan mun samu 'yanci kuma dokar 1974 ta bi sawunta. Itatuwa irin su gawo aka sa su cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da izini, ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ina yaro a ƙauyenmu, wajen Ilela, na ga wani ma'aikaci ya tsayar da babana a bakin gona da rana tsaka. Baba ya sassabo rassan gawo don awaki, lokacin bazara, ba ciyawa ko ƙwaya. Mutumin ya karɓe gatarin, ya rataya a kafaɗarsa, ya ce a same shi da kuɗin tara. Akuya aka kai kasuwa aka biya. Daga wannan shekara, duk tsiron itacen da ya leƙo a gonarmu Baba da kansa yake tumɓuke shi tun yana ƙarami, kuma haka maƙwabta suke yi. Wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Dokar da aka yi don kare itace ita ta taimaka wa iska da fari suka share mana gonaki, muka ji a jikinmu a 1973 da 1984.

A Ingila, a 1217, da sunan Sarki Henry na Uku wanda yake ɗan shekara 10 a lokacin, aka fitar da wata takarda ta musamman a kan daji. Ta ce daga ranar ba za a kashe mutum ko a yanke masa gaɓa saboda naman sarki ba. Ta mayar wa 'yantaccen mutum ikon yin kiwo da noma a cikin dajinsa, har zumar da ya samu a itatuwansa ta ce tasa ce. Ba ta rufe kowa ba, talakawan da ke ɗaure da gonakin iyayen gidansu ba su samu rabo sosai ba. Duk da haka wannan takarda ta fi kusa da cikin talaka a kan Magna Carta da ake ta yi wa kirari, kuma wasu sassanta sun zauna cikin dokokin Ingila har 1971.

Namu sauyin ya zo a hankali. An dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya tun 1975, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya fara a 1984, manoman Maraɗi suka kama sassaben zamani, wato barin kututture ya yi toho a gyara shi maimakon a ƙone. Dokar karkara ta zo a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta sa hannu a kan dokar da ta amince cewa manomin da ya raini itace a gonarsa yana da hakki a kansa. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. Ba a kawo su a mota ba. Manomi ne ya daina jin tsoron itacensa.

A cikin fim ɗin akwai wuri guda da ya taɓa wannan jijiya. Garin Nottingham ba shi da irin shuka, ga hatsi an ɗaure za a kai wa manyan coci a York, sai Robin da mutanensa suka tare shi da dare, suka shuka kafin gari ya waye. A gidan kallon unguwarmu, wurin nan ne samari suka tashi daga benci suna tafi, har mai gidan ya mayar da shi baya aka sake gani. Ba su yi wa yaƙin bakin teku irin wannan tafi ba, duk da dawakai da kibau da aka zuba a ciki. Yaran nan sun san gidan da aka cinye iri kafin ruwa ya sauka. Ba sa bukatar kowa ya gaya musu cewa mai satar saniyar gwauruwa a kan iyaka ba shi da alaƙa da wanda ya mayar wa gari irinsa. Shi ya sa nake ganin hanawa zargi ne da ba su cancanta ba, kuma ba ta da amfani, tunda fim ɗin yana cikin aljihunsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne namu labarin ba mu yi masa fim ba. A nan Tawa marigayi Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silima a Nijar, ya zauna yana aiki kafin rasuwarsa a 2015. Garin da ya riƙe irin wannan mutum bai kamata ya rasa matashin da zai ɗauki kyamara ya je ya zauna da matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar tsaunuka ba.

Roƙona gare ka guda ne, Malam Edita. Har yanzu ina haɗuwa da manoma a kasuwar Badagishiri da ba su taɓa jin dokar 2020 ba, suna sassabe reshe suna waige. Ku nemo ta, ku buga ta da Hausa a shafi guda, da manyan baƙaƙe, ku bayyana abin da ta halatta da abin da ke bukatar izini. Malaman makaranta za su karanta wa ɗalibai, gidajen rediyon karkara su ɗauka, mai gidan kallo ma in ya ga dama ya manna ta a ƙofa.

Na gode da wannan fili.

Tsohon malamin tarihi,
Tawa