Wasiƙa Kan Hannun Autanka

Aminina,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni jiya da daddare, kuma tun da na karanta cewa autanka ya faɗi ya karye a hannu, hankalina yana wajenku. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Ka ce tunanin ko hannun zai koma yadda yake ne ya hana ka barci, shi ya sa na zauna in rubuto maka abin da na sani game da ƙashi.

Yawancinmu kallon busasshen icce muke yi wa ƙashi, don wanda muka saba gani matacce ne. Wanda ke jikin yaronka kuwa yana da rai, jini na ratsa shi dare da rana. Tun a ranar da ya karye, jini ya taru a wurin ya daskare. Cikin makonni biyu zuwa uku jiki zai saƙa guringuntsi ya haɗa bakin karayar, sannan a hankali ya mayar da shi ƙashi mai ƙwari. Aikin filastar da likita ya sa shi ne ta riƙe wurin kada ya motsa, ɗorin kansa jiki ne ke yi. Kuma yara sun fi mu saurin warkewa nesa ba kusa ba.

Ka tuna sanda yana jariri, kana ɗora yatsa a maɗigarsa kana jin tana bugawa? Ƙasusuwan kansa ne ba su gama haɗuwa ba, sai wajen wata 18 take rufewa. Jariri yana zuwa duniya da ƙasusuwa kusan 270, wasu suna haɗewa yayin girma har su koma 206 a jikin babba. Abin da ya fi burge ni shi ne, 106 daga cikinsu a tafin hannu da sawu suke, da yatsunsu: 27 a kowane hannu, 26 a kowace ƙafa. Miƙa hannunka yanzu ka kifa tafin, ka sake buɗe shi. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ɗaya yana kewaya ɗan'uwansa duk sanda ka juya. Don haka ne likita ya dage sai sun zauna daidai kafin ya naɗe.

Sauran aikin ƙwarangwal ka san shi. Ƙoƙon kai yana kare ƙwaƙwalwa, haƙarƙari 12 a kowane ɓangare suna kewaye da zuciya da huhu, ƙashin baya yana rufe laka. Wanda ba a cika sani ba shi ne na ɓargo: a cikinsa ake ƙera jini, jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jiki ma a ƙashi da haƙora yake ajiye.

Abu biyu nake roƙonka. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani siririn guringuntsi, daga nan tsawo yake fitowa, kuma ba ya rufewa sai bayan balaga. Idan karaya ta taɓa shi, sai an bi ta da lura. Saboda haka ko da ka ga ya daina kuka ya koma wasa, ku koma ranar da aka ba ku a sake ɗaukar hoton hannun. Na biyu, ka riƙa duba yatsunsa safe da yamma. In sun kumbura sosai, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sauya, ko ya ce ba ya jin su, kada ka jira gari ya waye, ku tafi asibiti a lokacin.

Ka gaida maigidan, ka ce masa ina jiran hotonsa ranar da aka cire filastar. A gaida mahaifiyarsa, a yi mata sannu da jinya.

Naka har kullum.